Taƙaitawa: bin sawun mutanen farko na gundumar Custer a Nebraska

Ga abin da na tattaro daga bakin 'yan'uwa, ga mai son rubuta tarihin manoma da masu kanti na wannan gunduma ta Amurka.

1. Kusan kowa ya ce a fara da takardun gona. Dokar Amurka ta 1862 ta ba mutum eka 160 in ya zauna shekara biyar yana nomawa. A 1904 aka kai shi eka 640 a yankin yashi na Nebraska, don ƙaramar gona ba ta ciyar da gida a can.

2. A duba hotunan Solomon Butcher, mai ɗaukar hoto da ya ɗauki manoman gundumar. A cikinsu za a ga iyali a ƙofar ɗakin da aka gina da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa, saboda itace ya yi wuya, an fito da teburi da kujeru, ga shanu a gefe. Ni wannan ya fi taɓa zuciyata.

3. Kan masu kanti kuwa, baki bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce bashin gari da gishiri da suka bayar a farin 1894 shi ya riƙe mutane. Wasu sun ce littafin bashin nan ne ya ɗaure manomi.

Mutum biyu sun nace a fara da 'yan ƙabilar Pawnee, 'yan asalin yankin, waɗanda aka kwashe zuwa inda yanzu ake kira jihar Oklahoma a shekarun 1870.