Katin tara maki ya zame mini alaƙaƙai a kanti, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa. Ina da ɗan kantin zamani a Kano, kayan masarufi ne da na shayi da sabulai. Bara na fito da katin tara maki don in riƙe kwastomomi: sayayyar naira 1,000 maki 10, in sun kai 500 a rage wa mutum naira 1,000. Ciniki kam ya ɗan motsa, Alhamdulillahi.

Ƙarshen watan jiya ina duba kwamfuta sai na ga kati ɗaya ya tara maki 4,000, wato sayayyar naira 400,000. Wani lokaci sau uku cikin awa ɗaya: burodi, can kuma omo, can lemon kwalba. Ashe yaron da ke karɓar kuɗi ne ya ɓoye kati a ƙarƙashin durowa, duk wanda ya zo ba kati sai ya goga nasa. Ɗan maƙwabcina ne, korarsa ma wani aiki ne.

Na gwada haɗa kati da lambar waya, a riƙa turo lambar sirri ta saƙo. Sai sabis ya ɗauke, layi ya kai bakin ƙofa. Ga yaran da ake aikowa, wayar tana gida. Matan aure kuwa da yawa ba sa ba da lamba, ni ma dokar kare bayanai ta 2023 ta sa ina ɗari-ɗari da tara su.

Don Allah wanda ya taɓa toshe irin wannan ɓaraka ba tare da tsayar da layi ba, yaya ya yi?