Fadama, dausayi ko zango: me za mu kira Sakumono a rediyo?

Ɗan Nima: Assalamu alaikum. Ranar 2 ga Fabrairu zan gabatar da shiri a kan wuraren da aka keɓe ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare wurare masu ruwa da laka, waɗanda Gana ke da shida, ciki har da Sakumono tsakanin Akara da Tema, da Owabi kusa da Kumasi. Ina neman kalmar da za ta maye gurbin *wetland*, sunan irin waɗannan wurare da Turanci, musamman irin wanda tsuntsayen Turai ke sauka a cikinsa idan sanyi ya koro su.

Malamin Kumasi: Wa alaikumus salam. Fadama ce, ba sai an wahala ba.

Hajiyar Sabon Zango: Malam, a Akara idan ka ce Fadama, unguwa mai sauraro zai ɗauka. Kuma fadama wurin noman rani ce, alhali ruwan Songor da Keta, biyu daga cikin wurare shidan nan, na gishiri ne, gishirin ma ake ɗiba a Songor.

Baba mai fassara: Dausayi ita ce Hausa tsantsa, kuma ita nake amfani da ita idan ana maganar Haɗeja da Nguru. Abin takaici ne a ce yaranmu ba su san ta ba.

Hajiyar Sabon Zango: Baba, ni zangon tsuntsaye nake so. Fatake sun yada zango a nan suna safarar goro, haka waɗannan tsuntsaye suke sauka su ci, su huta, su tashi, kamar masu cin rani. Wace kalma ce ta fi wannan kusa da mu?

Baba mai fassara: 'Yata, zango wurin sauka yake nufi, bai ce komai a kan ruwa ko laka ba. Ba za a ƙera wa Hausa kalma don ta yi wa unguwa daɗi ba.

Malamin Kumasi: Da girmamawa, Baba, Hausar Zango ma Hausa ce, ba sai Kano ta buga mata hatimi ba tukuna.

Baba mai fassara: Ban ambaci Kano ba.

Ɗan Nima: Iyayena, lokaci ya ƙure. Zan ce dausayi ga ƙasar mai ruwa, in bayyana ta sau ɗaya, sannan in ce zangon tsuntsaye ga inda aka keɓe musu.

Baba mai fassara: Na yarda da rabin farko. Na biyun, ka faɗe shi da bakinka, amma kada ka rubuta.