Neman kalmar Hausa: me za mu kira "triage" a darasin bala'i na ɗaliban jinya?

Malamar Jinya: Assalamu alaikum. Ana haɗa darasin waya na ɗaliban aikin jinya kan shirin tunkarar bala'i: ambaliya, gobarar tankar mai, hatsarin mota mai cin mutane da yawa, turmutsutsu. Jarrabawarsu da Turanci ce, amma muryar da ke bayani a manhajar Hausa ce, tunda da Hausa za su yi magana da jama'a a wurin. Kalma ɗaya ta tsayar da aikin, wato triage. Abin nufi: raunatattu sun fi ƙarfin ma'aikata da kayan aiki, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙasa da minti guda kowanne, a ɗaura masa katin launi: ja (a taimake shi yanzu-yanzu), rawaya (zai iya ɗan jira), kore (rauninsa da sauƙi) ko baƙi (ba a tsayawa a kansa, don ba a sa ran zai rayu). Muna son kalma mai aikatau, wadda za a iya cewa "a yi masa kaza", "a sake yi masa kaza". A gabanmu akwai rarrabewa, warewa, fifitawa da tantancewa.

Mai Fassara: Wa alaikumus salam, Malama. Kalmar daga Faransanci ta fito, daga trier, wato tsince kaya a raba su iri-iri. A aikin asibiti ana danganta ta da Dominique Jean Larrey, babban likitan fiɗa na rundunar Napoleon, wanda ya dage a duba soja bisa rauninsa ba bisa muƙaminsa ba. Warewa ku ajiye ta. Tana ƙamshin wariya, kuma tun lokacin korona mutane na haɗa ta da killacewa. Fifitawa ta fi muni: ki ce wa ɗan'uwan majinyaci "ana fifita wasu", abin da zai ji shi ne wani ya san wani. Ni rarrabewa na zaɓa, ita ta fi kusa da asali.

Nas a Sashen Gaggawa: Malam, asali daban, aiki daban. Bari in shimfiɗa matakan, sai mu ga wace kalma za ta ɗauke su. Tsarin da aka fi koyarwa shi ne START, wanda asibitin Hoag da 'yan kwana-kwana na Newport Beach a Kalifoniya suka fito da shi a 1983.

Da isa wurin sai ka ɗaga murya: duk mai iya tafiya ya koma can. Waɗanda suka tashi kore ne, na ɗan lokaci. Sauran ka fara daga wanda ya fi kusa da kai, ba wanda ya fi ihu ba. Yana numfashi? In ba ya yi, gyara masa kai ka buɗe hanyar iska. Ya dawo, ja. Bai dawo ba, baƙi, ka wuce. In yana numfashi amma ya haura 30 a minti, ja. Ba sai ka ƙirga minti cikakke ba: fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10 ya isa. Daga nan jini: danna farce ya yi fari ka saki, in jan bai dawo ba cikin daƙiƙa 2, ko babu bugun jini a wuyan hannu, ja. Sai hankali: "matse hannuna", "buɗe ido". Ya kasa bin umarni, ja. Ya tsallake duka ukun amma ba ya iya tafiya, rawaya. Magani biyu kawai aka yarda ka tsaya yi: buɗe hanyar iska da tsayar da jinin da ke tsartuwa. Ko su ɗin ma, ka kama wani daga cikin 'yan kore ya riƙe maka.

To rarrabewa tana nuna aiki ne na sau ɗaya, an raba an gama. Shi kuwa wannan ana yin sa a wurin hatsari, a sake a wurin da aka tara mutane, a sake a ƙofar asibiti. Rawaya yakan koma ja kafin motar asibiti ta iso. Ɗalibin da ya haddace "rarrabewa" zai ɗauka katin da ya ɗaura hukunci ne.

Likita daga Damagaram: Sannunku da ƙoƙari. A nan Nijar ma'aikata tiri suke cewa, guntuwar kalmar Faransancin, amma mutumin ƙauye bai san ta ba. Ina bayan tantancewa, sai dai ita kaɗai ta yi faɗi. Ana tantance 'yan takara, ana tantance masu zaɓe, a asibiti ma ita ake amfani da ita wajen binciken masu ɗauke da cuta. Tana bukatar abokiyar tafiya. Me zai hana "tantance tsanani"?

Nas a Sashen Gaggawa: Ranka ya daɗe Likita, a nan ne zan ja da kai. Tsanani zai koya wa yaran kuskuren da muke gudu. Wa ya fi kowa tsanani a filin? Wanda numfashinsa ya tsaya. A ranar da babu bala'i, shi za a rufa a kai ana danna masa ƙirji. A ranar bala'i shi ne baƙi, domin mintocin da mutum biyu za su ɓata a kansa su ne mintocin wanda jijiyar cinyarsa ta tsinke, wanda ɗauri ɗaya zai cece shi. Tambayar ba wa ya fi jin jiki ba ce. Tambayar ita ce wa zai mutu in an jira, ya rayu in ba a jira ba. Wannan gaggawa ce. Ina ganin "tantancewar gaggawa".

Mai Fassara: Akwai harshen damo, Sista. Za a iya jin ta a matsayin tantancewar da aka yi cikin sauri, ko tantance wanda lamarinsa ke bukatar sauri.

Likita daga Damagaram: Duka biyun gaskiya ne, don haka ban ga illa ba. Na janye tsanani. Amma a saka yara a darasin. Daga shekara 1 zuwa 8 ana bin JumpSTART, wato START na yara, na Dakta Lou Romig: numfashi ƙasa da 15 ko sama da 45 shi ne ja. Yaron da ba ya numfashi amma jininsa na bugawa, ana hura masa iska sau 5 kafin a yanke. Dalili kuwa, yawanci numfashin yaro ne ke fara tsayawa kafin zuciya. Wanda ya auna yaro da ma'aunin 30 na manya zai cika layin ja da yara masu kuka kawai.

Malamar Jinya: Madalla. Ga abin da na rubuta: aikin, tantancewar gaggawa, mai yi, jami'in tantancewa, kati, katin launi, maimaitawa, sake tantancewa. Saura kurakurai biyu da manhajar za ta riƙa kama ɗalibi da su: ba mutum launin da ya fi halinsa, da ba shi wanda bai kai ba.

Nas a Sashen Gaggawa: Ɗaga mataki da rage mataki. Na farko yana cinye gadaje da jini, na biyu kashe mutum yake yi, kada manhajar ta ba su maki ɗaya. Misalin rage mataki da ya kamata ya shiga shi ne ƙuna. Gobarar tankar Majiya a Jigawa, Oktoban 2024, ta ci mutum sama da 150. A irin wannan wuri mutum zai taso da ƙafarsa, tsarin ya ce kore, alhali gashin hancinsa ya babbake, muryarsa ta dushe, akwai baƙin hayaƙi a miyaunsa. Maƙogwaronsa na iya kumbura ya toshe cikin sa'o'i kaɗan. Sannan maganar farce: macen da ta sha lalle ba za ka ga komai a farcenta ba. Haka da dare, haka wanda aka tsamo daga ruwa, kamar a ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, sanyi kaɗai na jinkirta dawowar jinin. A koya masu wuyan hannu ya zama na farko.

Mai Haɗa Manhaja: Daga ɓangarena kalmar ta yi. "Tantancewar gaggawa" za ta zauna a kan shafi, madannin kuma "Tantance" kawai. Za mu gina shi a Moodle da H5P, manhajojin haɗa darasi, irin darasin da kowane zaɓi ke kai ɗalibi reshe daban, a sauke sau ɗaya a yi ba tare da data ba. Kowane majinyaci daƙiƙa 60, in lokaci ya ƙare ba a zaɓa ba an faɗi. Bidiyo na cin wuri, hoto da sautin numfashi sun wadatar, ɗalibi ya ƙirga da kunnensa. Launi kaɗai ba zai yi ba, wasu ba sa bambance ja da kore, ga hasken rana a fuskar waya. Kowane madanni zai ɗauki suna da lamba: ja 1, rawaya 2, kore 3, baƙi 0. Wata matsala: tambayoyin tuni da za a riƙa turawa ta tes. Saƙo ɗaya harafi 160 ne, amma ƙ ko ɗ guda ɗaya ta shiga, sai ya koma 70, kuɗi ya ninka. "Baƙi" ce za ta cije mu. Rawaya ko ruwan ɗorawa?

Mai Fassara: Rawaya, gajeriya ce. Kore kuma ba tsanwa ba, kowa ya san kore. Baƙi kuwa kada a cire mata lanƙwasa don arha, "baki" wani abu ne daban, kuma a darasin da ake maganar buɗe baki zai rikita. A tes ku rubuta lambar.

Likita daga Damagaram: A ƙara shafi ɗaya na abin da za a faɗa wa dangi, domin su ba za a ce masu "tantancewar gaggawa" ba. A ce: "Baba, mun duba ɗanka, zai iya jira, akwai wanda ba zai iya ba, za mu dawo kansa." Kuma kada ɗalibi ya ce wa kowa "ya rasu" daga ganin baƙin kati, tabbatar da mutuwa ba aikinsa ba ne a wannan minti.

Malamar Jinya: An shigar da duka. Waya ba za ta koya wa yatsa jin bugun jini ba, don haka bayan darasin akwai atisaye a fili, ɗalibai 20 kwance da katin alamomi a ƙirji, biyu na tantancewa. Malam Mai Fassara, shi wannan kwaikwayon na cikin waya, atisaye za mu kira shi ko gwaji? Gwaji na tsoron kada su ɗauka jarrabawa ce.