Wane suna za mu ba "lamp" ta tsohuwar tele da Hausa?

Apranti Sabon Gari: Salamu alaikum, iyayen gida. Muna rubuta ƴar takardar koyon gyaran tsohuwar tele mai baƙi da fari, sai kalma guda ta tsayar da mu: sunan ƙananan gilasan nan da ke yin ja a cikin tele suna sarrafa wuta. Nan Maradi kowa lamp yake cewa, wasu mutanen Katsina kuma bawul. An ce mu sa "ƙwan tele". Ya yi?

Baban Tele Mokoyo: Wa alaikumus salam. Yaro, ƙwai kam a'a. Aikin ƙwan lantarki haske ne, in ya kama shi ke nan. Jan da kake gani cikin lamp kuwa zare ne mai dumama katod, katod ya saki elektron, su ƙetare wurin da aka zuƙe wa iska zuwa anod, griy tana tsakani tana rage su ko ƙara su. Tana iya yin ja zur alhali katod ya gaji, hoto ya tsuke ko ya dushe. In ka kira ta ƙwai, yaro zai leƙa ya ga ja ya ce lafiya lau, ya koma yana zargin transfo a banza.

Mai Soda Bagalam: Gaskiyar Baba. Rashin jan ma yana ruɗi. Lamp ɗin da lambarsu ke farawa da harafin P, irin su PL504, PY88 da PCL85, zarensu a jere yake, igiya guda, miliamper 300. Ɗaya ya tsinke, duka su mutu. Sai ka cire wuta, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da mita a kan om. A masu ƙafa tara, ƙafa ta 4 da ta 5 ne zaren.

Malam Mai Harshe: Bawul ya fi kusa da ma'anar aikin, tunda hanya guda wuta ke bi. Amma mai faci ya riga mu kalmar, kowa taya zai tuna. Me zai hana "kwalba marar iska"?

Baban Tele Mokoyo: Malam, ma'ana ta yi, tsawo ne ya yi yawa ga mai riƙe da ƙarfen soda. Amma kwalba ta zauna, don abin da ake fara dubawa ke nan. Akwai tabo mai sheƙi kamar azurfa a jikin gilashin. Muddin yana sheƙi, iska ba ta shiga ba. In ya koma fari kamar alli, kwalbar ta tsage, a jefar.

Apranti Sabon Gari: To Baba, babbar mai nuna hoto fa? Ita ma ai kwalba ce.

Malam Mai Harshe: Wannan tulu ce, ga ciki ga wuya. "Tulun hoto". Ƙananan kuma "ƴar kwalba", jam'i "ƴan kwalabe".

Mai Soda Bagalam: Tulun ya dace, don yana ajiye abu. Te-ash-te, wato babbar wutar da ake ba tulun, a tele mai baƙi da fari tana kai volt dubu 15 ko fiye, kuma tulun na riƙe ta bayan an kashe. Ka ɗaure waya a jikin sukudireba mai kyakkyawan mariƙi, ɗayan bakin a wayar da ta rungume bayan tulun, ka zura sukudireban ƙarƙashin robar nan da ke manne a jikin tulun, inda wayar te-ash-te ke shiga, har ka ji ƙyas. Ka maimaita. Da yawan waɗannan tele kuma ba su da transfon raba wuta, ƙarfen shasi kansa na iya ɗaukar volt 220, don haka a sa transfon rabawa kafin a taɓa.

Baban Tele Mokoyo: Ku ƙara wannan a takardar, don sau da yawa ƴar kwalba ba ta da laifi. Telen da ta shekara talatin a ɗaki ba a cusa ta a wuta kai tsaye. A share ƙurar hunturu a wajen te-ash-te, ita ce ke jan danshin damina har wuta ta riƙa tsalle. A sa ƙwan lantarki mai zare na wat 100 a jere da telen. Ya haska ya lafa, to da sauƙi. Ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ke zuba, yawanci manyan kondansater na tace wuta. Na takarda kuwa a canza su duka da masu jure volt 630, ko fiye inda shema, wato zanen tsarin wutar telen, ta ce. In na gaban griy ya yi yoyo, ƴar kwalba za ta ja wuta fiye da ƙima har ta ƙone. Ka ga farantin cikin PL504 ya yi ja kamar garwashi, kashe nan take, siginar da ke tuƙa ta ce ta ɓace. Ka sa sabuwa ba ka gyara wannan ba, ita ma ta tafi.

Mai Soda Bagalam: Farin layi guda a kwance a fuskar tele kuma, ɓangaren PCL85 ne. A rage haske tukuna, kada ya yi wa tulun tabo.

Apranti Sabon Gari: Na gode, iyayena. Na rubuta ƴar kwalba da tulun hoto. Lamp zan bar ta a wurin farko kawai, saboda mai zuwa sayen kaya kasuwa. Saura griy, Malam.

Malam Mai Harshe: Baba ya cire guda ya nuna mana siffarta tukuna. In zagayen siririyar waya ce kamar yadda ake faɗi, ina ganin "rariya".