Tabkin bayan unguwarmu yana cikewa, daga ina za mu fara?

Malamin lakwal, Tahoua:

Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Akwai wani tabki a bayan unguwarmu, can inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Da can ruwansa yakan kai har bazara, kirinjijiya da dinya suna sauka lokacin sanyi, balbela kuwa ba a magana. Yanzu kafin sanyi ya fita ya koma taɓo. Gefen da ke kallon gari ya zama juji, leda ta rufe bakin ruwa, sabbin gidaje kuma sai matsowa suke yi kowace shekara. Ni da samarin fadarmu, wato majalisar da muke zaman hira, da wasu manyan 'yan makarantata mun yi niyyar tsayawa a kansa don Allah. Ba mu da mai ba mu kuɗi, shebur da burweti na aro da ƙarfin jiki ne jarinmu. Tunanina mu fara da kwashe shara, mu dasa itatuwa a kewaye ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itatuwa a Nijar, in hali ya yi mu ja waya mu killace wurin tsuntsaye su samu sakewa. Wannan tsari ya yi? Kuma yaya ake riƙe mutane a aikin da babu biya?

Tsohon ma'aikacin gandun daji:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Ku kwashe sharar, amma ka sani ba ita ce ke kashe tabkin ba. Yashi ne. Ka bi ƙoramar da ke zuba cikinsa ka hau sama da ƙafa, za ka tarar da faƙo, ƙasa ta zama fili ba ciyawa ba itace. Ruwan sama in ya sauka a irin wannan wuri ba ya shiga ƙasa, gudu yake yi ya kwaso yashi ya juye muku a tabki. Kowace damina tabkin yana rage zurfi, ruwa marar zurfi kuma rana da iska ba sa barinsa ya daɗe. Ko kun yashe shi da hannu bana, baɗi ƙorama za ta mayar.

Don haka babban aikinku yana can sama. Ku jera duwatsu a kwance bisa gangare, su rage wa ruwa gudu. Ku haƙa rabin wata, wato rami mai siffar rabin wata da ke tare ruwa, bakinsa yana kallon inda ruwa ke fitowa, kuma kada ku jera su layi ɗaya bayan ɗaya, a sassaɓa su yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa cikin na ƙasa. Inda ake noma a yi tassa, wato ƙananan ramukan shuka, a zuba taki. Mu mutanen Adar, yankin nan na Tahoua, ba baƙin wannan aiki ba ne. Tun 1984 da aka fara aikin gyaran ƙasa na yankin Keita, da irin waɗannan dabaru aka farfaɗo da tuddai da dama, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka. A cikin unguwarku ma ba za ka rasa dattijon da ya iya ba, ka neme shi.

Haƙa da rani ake yi, kafin ruwa ya sauka. Dashe kuwa, bakin ruwa ku sa bagaruwa, ita ce ke jure tsayawa cikin ruwa, kuma majema suna son 'ya'yanta. A tudu ku bar gawo da aduwa da suka tsiro da kansu, ku gyara musu rassa kawai. Abin da ya fi ɓata mini rai a shekarun aikina shi ne dashen 3 ga Agusta da ake yi a watse, kafin kaka awaki sun cinye. Itace 50 da aka kewaye da ƙaya, kowane da mai ba shi ruwa, sun fi 1000 da ba su da mai su.

Mai noman rani:

Malam, maganar waya ce ta sa na sa baki. Ni ba tabkinku nake ba, amma a bakin irinsa nake noman albasa da tumatir da salati, da shi nake sayen littattafan yara. Ranar da kuka ja waya ba ku tambayi kowa ba, kun yi gaba da mu masu garka, da makiyayan da ke shayar da dabbobi, da masu yin tubali, kuma wayar ba za ta kwana bakwai ba. Ku fara zama da mai unguwa, a kira kowa. A bar wa dabbobi mashaya, a nuna wa masu tubali gefen da za su riƙa ɗibar laka, tunda ɗibar ma ƙara zurfi take in an yi ta a wurin da ya dace. Sai a keɓe gefe guda mai ciyawa a ce nan na tsuntsaye ne, ba harbi ba ɗibar ƙwai. Leda kuwa mu mata mun fi kowa jin haushinta, akuyata ta mutu an tarar da ita cike da cikinta. Ku kira gayya, mu za mu dama fura.

Ɗaliba a jami'ar Yamai:

Ina goyon bayan Baba da Inna. Ƙarin da zan yi, Yaya, shi ne ku samu takarda. Gidajen da ke matsowa ba shebur ke tsayar da su ba. Ku je wurin magajin gari da ma'aikatan gandun daji tare da mai unguwa, a shata iyakar tabkin a rubuce kafin a yanka shi fulotai. Kuna da hujja mai ƙarfi: tabki ne ke shanye ruwan da zai shiga gidaje, mu nan Yamai mun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi. Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi tun 1987, kuma tabkin Tabalak da na Dan Doutchi, duk a jihar Tahoua, an sa su cikin jerin a 2005. Naku ƙarami ne, amma tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai ba su san babba da ƙarami ba, ruwa suke nema. A tsakiyar Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa. Ka ba 'yan makarantarka littafi su riƙa rubuta abin da suka gani, yara suna son aikin da aka damƙa musu. Sai dai kada su shiga ruwan ba takalmin roba, saboda tsargiya.

Malamin lakwal, Tahoua:

Na gode ƙwarai. Maganar waya mun ajiye ta. Baba, saura tambayata ta biyu. Wasu samarin sun saba da aikin gyaran ƙasa da ake biyan kuɗi ko hatsi, har sun fara tambaya ko akwai wani abu.

Tsohon ma'aikacin gandun daji:

Ka gaya musu gaskiya tun ranar farko cewa babu, kada ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka. Aikin ya zama gajere, daga bayan asuba zuwa hantsi, rana ɗaya a mako da ba ranar kasuwa ba. Kowace fada a ba ta yankinta, a san wannan jerin duwatsu na su wane ne. Ka roƙi liman ya yi sanarwa ranar Juma'a. Kafin ranar farko ka hau ƙoramar nan ka ɗauko hotunan inda ta fi cin ƙasa, ka sa mana a nan, zan nuna maka inda za ku aza dutsen farko.