Yaushe rabon da ku kunna talabijin a gidanku?

Magidanci daga Gwale, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na ɗaga ƙyallen da aka lulluɓe talabijin ɗinmu da shi, na shafa gilashin da yatsa, sai ga ƙura. Na tambayi uwargida yaushe rabon da a kunna shi, ta ce tun ƙaramar salla. Abin ya tsaya mini a rai. Mu da muka tashi lokacin NTA Kano da CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV, sai ƙarfe huɗu na yamma ake buɗe tasha. Mu yi cincirindo a tagar maƙwabcinmu mai baƙi-da-fari, ɗaya ya hau katanga yana juya eriya, na ƙasa na ihu, "Ya yi! A'a, koma kaɗan!" Yau gidana mutum bakwai, waya biyar, kowa ya duƙufa a tasa. Ku ba ni labarin naku gidan.

Uwar yara huɗu, Zariya:
Wa'alaikumus salam. Malam, ku maza kuna kewar wancan zamanin don ba ku ke tsaye a kicin ba. Da Arewa24 ta zo a 2014 na so Daɗin Kowa ƙwarai, amma lokacin da ake saka shi ina kan tuƙa tuwo, in na samu na zauna kuma a ɗauke wuta ana tsakiyar magana. Yanzu sai na sallami kowa, na yi Isha'i, sannan na kishingiɗa da wayata na kalli abina daga farko har ƙarshe. Damuwata ɗaya ce, yara. Talabijin ina jin abin da yake faɗa ko ina tsakar gida. Waya kuwa in ƙaramin ya ɗauka, bidiyo na ƙarewa wani ke hawa da kansa, ban san inda zai kai shi ba.

Mai shagon turi (tura fina-finai a waya), tsohon ɗan kasuwar Ƙofar Wambai:
Ni wannan sauyi a jikina ya faɗa. Na yi shekaru ina sayar da faifan CD, katan-katan muke ɗaurewa zuwa Maraɗi da Agadas da Kumasi. Ranar da sabon fim zai fito, tun da sassafe dillalai ke tsaye bakin shago. Da memori ya shigo, faifan ya riƙa kwana a kanta har kwalinsa ya koɗe. Na sayar da ragowar a araha, na sayi kwamfuta, na koma turi.

To da masu fim suka koma sakin shiri mai dogon zango a YouTube kyauta, na ce shi ke nan, wannan ma ta ƙare. Ashe tsadar data za ta riƙe mu. Tun da NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a farkon 2025, masu zuwa wurina suka ƙaru. Ina sayen data ta dare, in kwana ina saukewa, da safe 'yan adaidaita da 'yan aike daga gidajen matan aure su zo da waya da 'yar takarda an rubuta sunan shiri da lambar fitowa. Akwai wata dattijuwa da ke aiko jikanta duk mako, wayarta ƙarama mai madanni, an ɗaure murfin da roba. Ba ta taɓa shiga intanet ba, amma babu fitowar da ta wuce ta.

Mai tace hoto a wani kamfanin fim, Zoo Road:
Yaya mai turi, Allah ya sa albarka a sana'a, amma bari in faɗi namu ɓangaren. Duk wanda ya kalla ta wurinka, YouTube bai ƙirga shi ba, sisi ba ya shigo mana. Kuma kallon da aka yi daga Najeriya kuɗin tallarsa kaɗan ne in aka gwada da na Ingila ko Amurka. Shi ya sa kuke ganin ana tsakiyar rigimar kishiyoyi sai a yanke a sako tallar atamfa ko filaye ko maganin gargajiya. Da wannan ake biyan 'yan wasa da man janareta. Duk da haka ba zan so a koma baya ba. A da sai ka jira tasha ta ga dama ta karɓi aikinka. Yau yaro mai basira da kyamarar haya zai buɗe tasharsa, in ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo ya nemi a fara biyansa.

Ɗan Damagaram mazaunin Jidda:
Mu na nesa alheri muka gani. A da sai alhazai sun zo muke samun faifai. Yanzu ana sakewa a Kano nake gani, labaran Télé Sahel, talabijin ɗin Nijar, ma a Facebook nake binsu.

Malamin firamare a wani ƙauyen Jigawa:
Ku na birni kuna magana kamar talabijin ya mutu. A garinmu sai ka hau tudun bayan makaranta kafin saƙon WhatsApp ya tafi, balle bidiyo. Dish ɗin kyauta da sola su ne rayuwarmu. Gidan mai unguwa cika yake yi bayan Magariba, mata a tabarma, yara a gaba. Ranar ƙwallon Ingila kuwa gidan kallo ba masaka tsinke. Abin da ke ba mu haushi shi ne sababbin shirye-shiryen sai su zaga wayoyin birni tukuna, wasu ma ba sa zuwa tasha sam.

Magidanci daga Gwale, Kano:
Na gode muku duka. Hajiya ta Zariya, kin faɗi gaskiya, na karanta wa uwargida ta ce a gaishe ki. Malam na Jigawa, tabarmar nan taku ita nake nema a falona. Babban ɗana ya ce akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a bayan talabijin ta ɗauko hoton waya, na ba shi kuɗi ya duba kasuwar waya ta Farm Centre gobe. Na ce musu daren Juma'a kowa ya ajiye wayarsa, a zaɓi shiri ɗaya mu kalla tare. Wanda ya taɓa haɗa irinta da tsohon talabijin, don Allah ya faɗa mini wace iri zan saya.