Fis a kan batir: dole ne, ko cin kuɗin rewaya ne?

Ɗan Jega: Salamu alaikum jama'a. Jiya na kai Golf ɗina wurin wani rewaya a Birnin Kebbi ya duba mini fitila. Yana ɗaga bonet ya hangi jar wayar da na ja da hannuna daga batir zuwa but, sai ya dafe kai, wai gobara nake tuƙawa, wai dole in sa fis a kan batir. Ni kuwa na ce amfilifaya, na'urar ƙara sautin kiɗa da wayar ke kai wa wuta, tana da fis har biyu a jikinta, na ukun na mene ne? Shekara uku ke nan da haɗa kayan nan, kullum Jega, Kalgo, Birnin Kebbi, ko warin roba ban taɓa ji ba. Neman kuɗi ne kawai.

Direban Kamba: Gaskiyarka ɗan'uwa. Ni na taɓa sa shi. Duk sanda na ƙure ƙara sai ya tsinke, sau uku a sati ɗaya. Na gaji na nannaɗe wurin da silin waya, tun daga nan na samu lafiya.

Oga Rewaya: Innalillahi. Kai na Kamba, wagga ba lafiya ta ba, jinya ta da ba ta kwanta ba tukuna. Ƙanena na Jega, tambaya guda ni ka yi maka. Fis ɗin da ad jikin amfilifaya, ina yake zaune?

Ɗan Jega: A but mana.

Oga Rewaya: Batir fa?

Ɗan Jega: A gaba. Oga faɗi maganarka.

Oga Rewaya: To tsakaninsu akwai waya kamar mita huɗu zuwa biyar, ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, ta bi ƙarƙashin kafet, ta wuce gefen kujera. Duk jikin mota negatif ne. Ko'ina wagga waya ta ɗaye ta taɓa ƙarfe, wuta ta samu gajeriyar hanya ta koma batir, ba ta ko isa but ba. Fis ɗinka na can baya shina barci. Shi amfilifaya yake tsaro. Ita wayar ba ta da mai tsaro.

Bara wata mota anka jawo mini gareji. Mai ita ya faka ƙofar gida, ya zare makulli, ya shiga cin tuwo. Yara sunka shigo da gudu, hayaƙi. Da munka ɗaga kafet, robar wayar ta narke tun daga gaba har ƙasan kujerar direba, ta manne da ƙarfe kamar cingam. Ya zura wayar ta wani rami da ya huda da kansa, bai sa zoben roba ba, girgizar hanya ta yi ta gugar ta har ta cinye. Na zaro fis ɗin amfilifayar don in gani. Lafiya lau, ko baƙi bai yi ba.

Ɗan Jega: Wannan ai ganganci ya yi. Ni tawa na naɗe ta da tef sosai a wurin.

Oga Rewaya: Tef a zafin Afrilu na Kebbi, kusa da inji? Tafi ka taɓa shi yanzu, gam ɗin ya zama ruwa.

Malamin Kimiyya: Ku ba ni dama in sa baki. Abin da ke ruɗar mutane shi ne wutar batirin mota volt 12 ce kawai. Suna ganin tunda ba ya jan mutum kamar wutar gida, wasa ne. Amma batirin da ke juya sitata yana iya sakin amfiya ɗaruruwa a lokaci guda, kuma yawan amfiya, wato yawan wutar da ke bi ta cikin waya, shi ne ke gasa ta. Sannan wayar nan ba ta bi ta makulli ba, kai tsaye take a kan batir, dare da rana akwai wuta a cikinta. Shi ya sa masu wannan aiki suka tsayar da ƙa'ida: fis ya zauna kusa da kan batir, kada ya wuce inci 18, wato wajen santimita 45. Iyakar guntun da ba shi da kariya ke nan.

Direban Kamba: To Malam me ya sa nawa yake tsinkewa? Kuma amfilifayata wat 3000 ce, a kwali aka rubuta.

Malamin Kimiyya: Fis nawa ne a jikinta?

Direban Kamba: Biyu, kowanne 20.

Malamin Kimiyya: Shi ke nan amfiya 40. In inji na aiki wutar mota tana kai wajen volt 14. Ninka 40 sau 14, ka samu wat 560. Wutar da za ta iya sha ke nan kafin nata fis su mutu, kuma wani kaso zafi yake zama, ba sauti ba. Daga ina 3000 za ta fito? Kwali ba ya jin kunya. Yanzu faɗa mana, fis ɗin da ka sa a gaba na nawa ne?

Direban Kamba: 15 ne, irin na fitila. Shi na samu a aljihun mota.

Oga Rewaya: To ka ji. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi, ya durƙushe, ka ce jaki ba shi da amfani.

Ɗan Jega: Ni fa har yanzu ban gamsu ba. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Motoci nawa ke yawo a tasha ba wannan fis ɗin, guda nawa suka ƙone?

Baba Mai Sharon: Ɗana, a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali, haka aka koya mana. Kuma ba kai kaɗai ke cikin motar ba, fasinja kake ɗauka, da mata da goyo. Ni dai kiɗan nan naku da ke girgiza gilashi ban ga amfaninsa ba, rediyona na labarai ya ishe ni, amma wannan wata magana ce.

Mai Kayan Wuta: Ni da nake sayar da kayan, bari in tona wa kanmu asiri. Ba fis kaɗai ba ne matsalar. Wayar da ta fi tafiya a shago, mai kauri mai araha, yawancinta alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Ka kankare sili ɗaya da reza, in ka ga fari a ciki, ita ce. A hannu ma ba ta da nauyi. Wutar da take ɗauka ba ta wuce kusan kashi biyu cikin uku na ta jan ƙarfe zalla ba. Wata kuma robar ce ta yi kauri, silin ciki ɗan tsurut. Araha ba ta ado.

Malamin Kimiyya: Wannan ya shafi zaɓen fis kai tsaye, domin da ƙarfin waya ake auna shi. Kaurin waya da lamba ake faɗarsa. Lamba 8 ta jan ƙarfe na gaske, fis ɗin wajen amfiya 50 ake ba ta. Lamba 4 ta fi kauri, tana ɗaukar 100. In ka sa fis ɗin 100 a kan siririyar waya, wayar ce za ta riga shi narkewa, ka yi aikin banza.

Ɗan Jega: Tawa lamba 4 aka rubuta.

Mai Kayan Wuta: Ka kankare ta?

Ɗan Jega: Ban kankare ba.

Oga Rewaya: Tunda kai ka yi da hannunka, kuma ban hana kowa yin nashi ba, ka duba min baƙar wayar ma, wadda ta haɗa amfilifaya da jikin mota. Ta zama gajera, kaurinta ɗaya da jar, a ɗaure ta da noti inda anka goge fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli. In fitilarka na lumshewa duk sanda wufa, babbar sifikar nan mai dukan ganga, ta buga, nan za ka fara dubawa. Kuma kafin ka taɓa komai, cire kan negatif na batir. Na ga sifana ta manne da batir ta yi ja.

Ɗan Jega: Fitilar tana lumshewa kam. Dalilin da ya kai ni wurin rewayan ke nan tun farko.

Direban Kamba: Haba! Sai yanzu kake faɗa?

Ɗan Jega: Ai ba a tambaye ni ba. Oga, Asabar bayan La'asar zan shigo da ita. Amma ni zan ɗaura fis ɗin da kaina, kai ka tsaya ka kalla, kuma ba kuɗin aiki.

Oga Rewaya: Ka zo da reza.